Barewar da Inna Ta Ce In Ɗauko

Apare ɗin ba nawa ba ne tun farko. Na ƙungiyar da nake wa aiki ne, wata ƴar ƙungiya mai kula da rijiyoyi da garake, wato lambuna, a nan Agadas, kuma da aka sayo sabo sai aka bar mini tsohon. Apare muke ce wa na'urar ɗaukar hoto. Abin da na sani a kansa bai wuce abin da aikina ya koya mini ba: in tsaya a bayan zaure ranar taro, in jira mai jawabi ya ɗaga hannu, in danna. Mutanen da ke zaune kan kujera ba sa gudu. Na yi karatun halittu da muhalli a jami'a a Yamai, na san sunan barewa da Faransanci har da wanda masana ke kiranta da shi, amma ban taɓa ganinta tsaye a daji ba, sai wadda wani maƙwabcinmu ya taɓa ɗaurewa a gidansa ina ƙarami, ita ma ba ta daɗe ba.

A shekarar da nake magana idon Inna ya fara tafiya. Na hagu ya riga ya mutu ba mu sani ba, don ba ta faɗa wa kowa ba. Na dama kuwa lokotoro, wato likita, ya ce hawan jinin ido ne, ba yana ba ce da za a kankare. Ya rubuta maganin ɗigawa, ya ce zai rage wa abin sauri amma ba zai tsayar da shi ba. Na tambaye shi lokacin da ya rage, ya ce ba ya iya faɗi. Na sake tambaya ta wata hanya, ya sake ba ni amsar farko. Inna ce ta kwatanta mana da bakinta: kamar tana leƙen duniya ta bakin tulu, bakin kuma yana ƙara tsukewa.

Inna ƴar Abzin ce. A wani kwari mai garake tsakanin duwatsu aka haife ta, aure ya kawo ta tsohon garin Agadas, kuma tun rasuwar iyayenta ba ta koma ba. Wata la'asar ina zaune a tsakar gida ina goge apare da gefen rawani, ita tana saƙar tabarma da hannu kawai, ba ta ko duban kabar, sai ta ce:

"Auta, wannan abin naka, mutane kaɗai yake kamawa?"

Na ce, "Yana kama komi, Inna, in an iya."

"To kai ka iya?"

Na ce ina jin na ɗan iya, ya danganta da abin.

Ta ba ni labarin da na sha ji, sai dai wannan karon ba ta tsaya inda ta saba tsayawa ba. A ƙasan garinsu akwai wani baƙin dutse mai tsaga a ka, kamar an sara shi da gatari. A gindinsa kori, wato busasshiyar hanyar ruwa, ya yi faɗi, akwai itatuwan aduwa. Da sanyin safiya, in aka aike su ɗiban ruwa, sukan tarar da bareyi suna tsintar aduwar da ta faɗo. "Ina so in san ko suna nan," in ji ta. "Ka ɗauko mini su in gani tun bakin tulun bai rufe ba."

Na ciro salula na nemo mata hotunan bareyi, kyawawa, har gashin ido ana gani. Ta kai salular dab da fuskarta, ta daɗe.

"Wannan barewar wasu ce. Ina dutsen?"

Da na tashi a makon nan na hau motar albasa mai zuwa kwarin su Inna, wataƙila da labarin ya zama wani. Amma ni mutum ne mai son ya gwada ƙafarsa kafin ya taka. Na fita bayan gari na gwada a kan awaki. Waɗanda ke tsaye sun fito, waɗanda ke tafiya sun fito kamar an shafa su da hannu. Na gwada shirwa a wajen mahauta, ta fito ɗigo a farin sama. Rairayi ya fito fari fat, dutse ya fito baƙi ƙirin, babu komi a tsakani. Na ce a raina, in na je haka zan ɓata tafiya in ɓata hutuna, in dawo wa Inna da hazo. Gara in koya tukuna. Har yau ina ganin tunanin ba wauta ba ne. Abin da ban lura ba shi ne zaɓen inda zan koya zai zama aiki mai zaman kansa.

Hanyoyi uku na samu. Ta farko horo ne ta intanet, da Faransanci, na wani bature mai gemu da ke zaune a ƙasar da ke da dazuzzuka masu duhu. Darasin farko kyauta ne. Na kalle shi a biro, wato ofis, bayan an tashi, guntu-guntu, don rezon intanet yana zuwa yana tafiya, kuran, wato wutar lantarki, ma haka. Mutumin ya iya koyarwa, ba na musu. Ya yi dogon bayani kan yadda ake kare gilashin apare daga ruwan sama da raɓa, da yadda ake kafa ƴar rumfa mai launin ganye a ɓuya a ciki. Na yi ta tunanin rumfa mai launin ganye a tsakiyar korinmu, inda za a hango ta tun daga bayan dutse. Duk da haka ban ture shi ba, don darussan gaba, in aka yi la'akari da sunayensu, suna maganar haske da saurin ɗauka, abin da nake bukata ke nan.

Ta biyu ataliye ne, wato taron horo, a nan garin, a zauren wani otel, kan hoto da kare muhalli. Wannan na san irinsa, don ni ke ɗaukar hotonsu. Za a buɗe da jawabi, a sha kafe, a haska dabbobi a bango, a rufe da jawabi, a raba wa kowa atestasiyo, takardar shaida mai hatimi. Ba na raina shi, wani lokaci akan dace da malami na kirki. Kuma yana kusa, zan kwana gida in ɗiga wa Inna magani da kaina.

Ta uku a Yamai take. Wata mata mai ɗaukar hoto, wadda ta yi shekaru tana bin tsuntsaye da dabbobi a bakin kogi, takan ɗauki mutane kaɗan ta kai su dajin da raƙuman dawa suke, su kwana biyu suna ɗauka tana gyara musu. Nan ne kaɗai za a taɓa apare a gaban dabba mai rai. Amma sai bayan damina take yi, ga nisa, ga hanyar Tawa da kowa ya san halinta.

Na juya ukun nan a kaina har na gaji da kaina. In na kwanta da na Yamai sai in tashi da na intanet. Na tambayi abokan aiki, kowa ya zaɓar mini wanda shi zai so. Na kira matar Yamai na yi mata tambayoyi, na sake kira don na manta ɗaya. Na yi rajistar ataliyen otel, na janye, don na ji an ce mai koyarwar hotunan biki ya fi sani. Daga baya na ji an ce ba haka ba ne.

Yayata, wadda ke aure a unguwar da ke bayan kasuwa kuma take zuwa kullum ta duba Inna, ita ce ba ta ɓoye ra'ayinta ba.

"Malam mai ilimi, yau wace makaranta muke ciki?"

"Yaya, ina dai dubawa ne. Kowace da amfaninta."

"Kai ko ruwa za ka sha sai an ba ka atestasiyo. Barewa ce fa, ba minista ba. Ka je ka tsaya ka danna."

"In na danna ba ta fito ba fa?"

"Sai ka sake dannawa. Mi ya rage maka?"

Inna tana ji ba ta sa baki. Sau ɗaya ta ce wa Yaya, "Ƙyale shi, haka ubansa yake, ko takalmi zai saya sai kasuwa ta tashi." Ta faɗa ne cikin dariya, amma a ranar na ga ta zuba shayi a gefen kofi, ta shafa tire da yatsa ta gano inda kofin yake, ta ci gaba kamar ba abin da ya faru. Kafin damina ta ƙare ta daina gane ni daga ƙofar gida, sai in na yi magana ko ta ji jan takalmina.

Na zaɓi Yamai a ƙarshe, ba don na tabbata ba, sai don sauran biyun sun wuce ni: an yi ataliyen otel an gama, na intanet kuma na gane ba zan kai ƙarshensa da irin rezon da muke da shi ba. Na hau kar, babbar motar fasinja. Ba zan ba da labarin hanyar ba, wanda ya bi ta ya sani, wanda bai bi ba zai ce ƙari nake. Na isa da ciwon baya da kumburin ƙafa.

Malamar gajeruwa ce, mai faɗa, mai dariya bayan faɗan. Dole in yi mata adalci: ta koya mini abubuwa na gaske. Ta nuna mini dalilin da ya sa awakina suka fito a shafe, da abin da zan murɗa don apare ya ƙifta da sauri. Ta koya mini in sa rana a bayana ko a gefena, in auna haske a jikin dabba ba a rairayi ba, in durƙusa in zama daidai da idon abin da nake ɗauka. In ta ga ina duba bayan apare bayan kowace dannawa sai ta buge mini hannu.

"Agadas, dabbar tana gabanka, ba ta cikin akwatin." Da sunan garina take kirana.

Abin da ban yi tunani ba kafin in zaɓa shi ne halin raƙuman dawan nan. Sun saba da mutane. Suna ratsa gonakin wake, manoma na aiki a gefe. Sai su tsaya su dube ka daga sama, suna tauna, kamar ma'aikacin da ke jiran ka gama bayani ya ce ka dawo gobe. Na ɗauki hotuna masu kyau, mafi kyau da na taɓa ɗauka. Amma a rana ta ƙarshe na ce wa malama ni barewa nake nema, a Abzin, kuma na faɗa mata dalili.

Ta daina wasa. Ta ce barewa wata aba ce daban, ita ma sau kaɗan ta same ta yadda take so. Ta ce in je wurin tun da duhu-duhu, in zauna iska na bugun fuskata, in lulluɓe da abu mai launin ƙasa. In sun fito kada in yi gaggawa, in bari su matso har su cika gilashi. "Sannan shiru. Silence total. Ko tari ya zo maka ka haɗiye shi. A wurin nan kai ba mutum ba ne, dutse ne." Ta ara mini tsohon dogon gilashinta, wanda ake ɗaura wa apare a gaba ya jawo nesa kusa, ta ce in aiko mata a kar in na gama.

Na yi mata tambayoyi da yawa a ranar, kan batir da sanyi da ƙura. Tambaya ɗaya ce ban yi ba, don ba ta zo mini ba, kuma ina jin ko na yi ba ta da amsar da za ta yi mini amfani.

Sai da sanyi ya shigo na samu sauran hutuna. Na hau motar albasa mai komawa kwari ba kaya. Yayan Inna yana nan da rai, shi ne babba a gidan, tsoho dogo mai ciwon gwiwa, kunnensa ya yi nauyi ƙwarai. Rabonsa da ni tun ina goye. Ya riƙe hannuna bai saki ba har aka gama gaisuwa, ya tambayi Inna, ya sake tambaya, aka yanka akuya. Mutanen garin suka yi ta shigowa ganin ɗan ƴarsu da ta tafi birni. Da na samu sarari na yi wa Kawu bayanin abin da ya kawo ni, da ƙarfi, kusa da kunnensa.

"Bareyi? Suna nan," ya ce. "Ba kamar da ba, amma suna nan. Gindin aduwa. Gobe sai mu je."

Na ce ni kaɗai zan je, Kawu, haka aikin yake. Ya gyaɗa kai. Na ɗauka ya yarda.

Bayan sallar asuba na sulale. Na sami dutsen ba wuya, tsagar tana nan yadda Inna ta faɗa, na daɗe ina kallonta. Na zauna a bayan wani kututturen aduwa, na duba iska, na lulluɓa da bargo mai ruwan ƙasa. Sanyin Abzin ya shiga ƙashina. Gari ya fara wayewa, tsuntsaye suka fara motsi, na ji a jikina cewa na yi komi daidai. Sai na ji sallama a bayana.

Kawu ne, yana ɗingishi, da ɗan murhun waya a hannu ɗaya da butar shayi a ɗayan.

"Ɗan ƙanwata zaune shi kaɗai a daji kamar wanda aka kora? In labari ya kai Agadas mi za a ce da ni?"

Ya hura gawayi. Muka sha na farko da na biyu da na uku, hayaƙi yana tafiya kai tsaye zuwa gindin aduwa. Na yi masa bayanin iska da wari da ƙara, a hankali, ina neman kalmomin da ba za su zama kamar ina korarsa daga korin ubansa ba. Ya saurara da kyau, hannu a bayan kunne.

"Na gane," ya ce. "Hayaƙin ne. Gobe ba murhu."

Ya cika alkawari. Washegari ya zo ba murhu, da dabino da cuku a ƙulle a gefen rawani.

Haka kwanakin suka tafi. In ba Kawu ba, masu garake ne a hanyarsu ta zuwa tada injin ban ruwa. Mutum zai hango tulin bargo a gindin itace, ya san ni ne, ya baro hanyarsa ya zo ya yi sallama, ya tambayi kwana, da sanyi, da gajiya, da mutanen gida, da idon Inna. Babu wanda ya yi don ya ɓata mini aiki. A wurinsu wuce baƙo ba magana shi ne abin kunya, balle jinin gidan. Na canza wuri, suka bi sawun takalmina, don ni kaɗai ne a kwarin mai takalmin birni. Na roƙi Kawu ya faɗa wa mutane. Ya faɗa musu, sai suka riƙa zuwa suna gaisuwar da raɗa, suna ba ni haƙurin damuwar da suka yi mini, su ɗan zauna don kada haƙurin ya zama na tsaye. Na gaji irin gajiyar da ba ta barci ba. Da rana nakan zauna ina goge gilashin da bai ɗauki komi ba, ina tunanin bakin tulun Inna.

Ranar da motar albasa za ta koma da kaya, hutuna ma ya ƙare. Na fita tun kafin a idar da addu'a a masallaci, na zaga ta kan duwatsu don kada in bar sawu, na zauna can ƙasa da inda na saba. Ba wanda ya zo. Haske ya fara sauka a kan dutsen daga tsagar zuwa ƙasa.

Sai ga su. Ban ga fitowarsu ba, na dai ga wani yanki na rairayi ya motsa. Uwa ce da ɗanta, da wata babba a gaba mai ƙaho. Sun fi yadda na zata ƙanƙanta. Suna tafiya suna tsayawa, kunnuwa na juyawa, sun nufo aduwa. Suna da nisa sosai tukuna. Na danna sau ɗaya don in gwada haske, dutsen duka ya shiga, su kuma ƴan ɗigo a ƙasansa. Na ce a raina, bari su matso su cika gilashi, haka aka koya mini. Suka matso. Na fara ganin farin cikinsu da baƙin layin da ke gefensa. Yatsana yana kan maɓalli. Saura kaɗan.

"Salamu alaikum."

A hankali ya faɗa, gwargwadon abin da kurma ke ɗauka a hankali ne. Babbar ta ɗaga kai. Ba su gudu ba tukuna, sun dai tsaya cak.

Na tuna maganar malama, cewa ni dutse ne. Na kuma san abin da ke bayana ba tare da na juya ba: tsoho mai ciwon gwiwa da ya bi duwatsu cikin sanyin nan yana nemana, don ba sawun da zai bi. Ban san tsawon lokacin da na ɗauka ba, ina jin bai kai numfashi biyu ba. Na amsa a ƙasan maƙoshi, idona a gilashi, ina fatan Allah ya kai masa. Bai ji ba.

"Salamu alaikum," ya sake, wannan karon da muryarsa ta gaske, da ɗan tsoro a ciki, kamar mai zaton wani abu ya sami wanda ke cikin bargon.

Na sauke apare, na yaye bargo, na juya na dube shi na amsa yadda zai ji. Da na waiwaya, fararen gindinsu kawai na gani suna tsalle a kan duwatsu, sannan babu komi.

Kawu ya bi su da kallo, fuskarsa ta washe.

"Ka gan su ko? Ai na ce maka suna nan." Ya dafa kafaɗata ya zauna da ƙyar, ya miƙe ƙafar mai ciwo. "Yau za ka tafi. Na ce ba za ka yi safiyar ƙarshe kai kaɗai ba."

Na ce na gode, Kawu. Kuma ina jin da gaske na faɗa. Ya kwance gefen rawani ya ba ni dabino.

A Agadas na kai hoton gwajin nan wurin mai wanke hotuna na bakin kasuwa, na ce ya fitar da shi a takarda mafi girma da yake da ita. Dutsen ya fito da kyau, hasken daidai, wannan kam aikin malama ne. Bareyin kuwa kowace ba ta wuce ƙwallon dabino ba, kuma launinsu da na ƙasa kusan ɗaya.

Inna ta ce a fitar da ita tsakar gida inda rana take. Yaya ta riƙe gefe ɗaya na takardar, ni ɗaya. Inna ta matso da fuskarta, tana bin hoton a hankali daga kusurwa zuwa kusurwa, don abin da take gani a lokaci guda bai fi tafin hannu ba. Can ta tsaya.

"Ga tsagar," ta ce. Ta daɗe a wurin. Sannan, "Ina suke?"

Na kama yatsanta na ɗora a kan babbar. Ta karkata kai, ta matsa, ta ja baya, ta sake matsowa.

"Ina ganin wani abu. Ko ƙasa ce, ban sani ba."

Yaya ta dube ni ta saman takardar. Na jira baƙar magana, ba ta zo ba, kuma da ta zo da ya fi mini sauƙi. Na ba Inna labarin yadda aka yi, tun daga murhu har zuwa safiyar ƙarshe.

"Ka amsa masa?"

"Na amsa, Inna."

"Da ƙarfi? Ba ya ji fa."

"Sai da na juya na dube shi."

"To," in ji ta. "Da wannan gwiwar ya hau duwatsu? Tun muna yara ba ya jin magana." Yatsanta yana nan inda na ajiye shi. "Suna nan ke nan."

"Suna nan. Na gan su da idona, har da ƙarami."

"Kai ka gan su," ta ce, ta ɗauke hannunta, ta ce a mai da ita inuwa.

Na aika wa malama gilashinta a kar, na tura mata hoton a salula don ta tambaya. Ta amsa cewa hasken ya yi, amma na yi nisa da yawa, in ƙara haƙuri wani karon. Na ce to, na gode. Ban yi mata bayani ba, ban san ta inda zan fara ba.

Kafin sanyi ya sake zagayowa idon Inna ya rufe gaba ɗaya. Wani lokaci nakan lissafa abin ta wata fuska: da na tafi tun makon da ta roƙa, da hannuna na ɗaukar taro, mai yiwuwa irin wannan hoton na nesa zan kawo, mai hazo ma, amma a lokacin bakin tulun yana da faɗi, wataƙila da ta rarrabe ƙwallon dabino da ƙasa. Wataƙila kuma da rairayin ya fito fari fat, ba dutse ba barewa. Ba ni da hanyar sani, kuma na lura in na fara wannan lissafin ba ya ƙarewa. Har yanzu sanarwar horo tana shigo mini a salula, na intanet da na otel da na Yamai. Nakan buɗe in karanta har ƙasa, in rufe.

Hoton yana jikin bango a ɗakin Inna, daidai inda hannunta ke kaiwa in tana zaune a bakin gado. In baƙi suka zo gaishe ta takan ce su duba dutsen garinsu, ta lalubi gefen takardar, ta auna da yatsu, ta ɗora ɗaya ta ce ga bareyin nan, Auta ya ɗauko. Wurin har ya yi duhu saboda taɓawa. Ya kauce wa bareyin kaɗan, yana kan wani ɗan dutse ne a gefensu na hagu. Baƙin sukan duƙa su duba su ce lalle ga su nan. Ni da Yaya ba mu taɓa gyara mata ba.